Wata takwas muna zama, rufin bai daina yoyo ba

Bala Sakatare

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun jiya, ina so in ji ko a wajenmu kaɗai yake ko haka abin yake ko'ina.

A wajen aikinmu akwai ɗakin da muke ajiye fayilolin ma'aikata. Rufinsa ya fara yoyo ta kusurwa ɗaya, ruwan na sauka daidai kan kanta ta uku. Aka kafa kwamiti na mutum 14, ni ne sakatare. Wata takwas ke nan, mun zauna sau 11. Jiya na ɗauko littafin da nake rubuta bayanan zama na bi shi shafi-shafi. Zaman farko ya tafi a kan sunan da za a sa wa kwamitin. Na biyu a kan ko aikinmu ya haɗa da tagogi ko rufi ne kaɗai. Na huɗu an ɗage shi saboda ciyaman ya yi tafiya. A na shida aka kafa ƙaramin kwamiti ya je ya gano yanayin rufin, alhali dukanmu ta ƙofar ɗakin muke wucewa kullum. A na tara, wani da bai zo na takwas ba ya ce shi bai yarda da abin da aka yanke a bayan idonsa ba, aka dawo da magana sabuwa.

Jiya da safe na shiga ɗakin. Na ɗaga fayil ɗin wani bawan Allah da ya yi shekara 30 yana aiki, bana zai yi ritaya. Takardun sun manne da juna, tawada ta narke ta bazu, takardar ɗaukarsa aiki ba abin da ake iya karantawa a jikinta sai hatimi. Na daɗe a tsaye da shi a hannuna.

Abin da ya fi damuna shi ne babu mugu ko malalaci a cikinmu. Duk wanda ka cire cikin mu 14 ka ba shi aikin nan shi kaɗai, na tabbata mako biyu ya ishe shi. To me ke samun mutane masu hankali ne idan aka tara su a ɗaki ɗaya?

Maman Ihsan

Wa alaikumus salam Malam Bala. Taron tsintsiya ba shara ke nan. Amma ina da tambaya. Duk tsawon wata takwas ɗin nan ba wanda ya ce a kwashe fayilolin daga ƙarƙashin ruwan a kai wani ɗaki kafin a gama maganar rufi?

Bala Sakatare

An faɗa, Maman Ihsan. Da hannuna na rubuta a zama na uku. Tana cikin shawarwarin da za mu miƙa idan mun kammala rahoto, ita ce ta bakwai. Rahoton ne ba mu kammala ba.

Injiniya Nura

Malam Bala, mu fara da lissafi. Ku 14 ne, amma hanyoyin magana da ke tsakaninku sun fi 14 nesa ba kusa ba, tunda kowa sai ya fahimci kowa. Ka ninka 14 da 13 ka raba biyu, za ka samu 91. Da ku biyar ne, hanyoyin 10 ne kacal. Da ku 20 ne, 190. Kowace ɗaya cikin 91 ɗin nan wuri ne da magana za ta iya karkacewa, ko wani ya ji an raina shi, ko wani ya zaci wancan ne zai yi.

Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani gagarumin aikin manhaja a kamfanin IBM, ya yi bayanin wannan a littafin da ya fitar a 1975. Abin da ya gani da idonsa shi ne idan aikin manhaja ya makara aka ƙaro mutane don a hanzarta, ƙara makara yake yi. Sababbin sai an zaunar da su an koya musu, kuma masu koyarwar su ne waɗanda da ma suke riƙe da aikin. Mu a wajenmu har yau haka muke fama. Da zarar aiki ya fara jan ƙafa sai manya su ce a riƙa zama kullum don a ji inda aka kwana, zaman kuma ya cinye lokacin da za a yi aikin.

Malama Zainab

Zamanku na farko, wanda ya tafi a kan suna, shi ya fi ɗaukar hankalina. Wani masanin tarihi ɗan Ingila, C. Northcote Parkinson, ya rubuta wannan tun 1957. Ya ƙirƙiro misalin wani kwamitin kuɗi da aka kawo wa batun gina tashar nukiliya ta fam miliyan 10, suka amince cikin minti biyu da rabi. Da aka zo kan rumfar ajiye kekunan ma'aikata ta fam 350, sai da suka yi minti 45 suna jayayya a kan irin rufin da za a sa mata.

Dalilin da ya bayar gaskiya ne, kuma ni ma ina ganinsa duk mako a tarukanmu na malamai. Babban abu yana ba mutane tsoro, ba wanda yake so a gane bai fahimta ba, sai kowa ya yi gum ya ɗauka ai masana sun riga sun duba. Ƙaramin abu kuwa kowa na da ra'ayi a kansa, kuma kowa na so a rubuta cewa ya yi magana. Za mu wuce batun sauya manhajar karatu ta shekara guda da gyaɗa kai, mu zo mu yi awa ɗaya a kan launin bangon kalanda. Gyaran rufi yana buƙatar wanda ya san kwano da katako da kuɗinsu. Suna kuwa kowa ya iya sawa.

Baba Alhassan

'Ya'yana, na yi shekara 35 a aikin ofis kafin in ajiye, kuma ina ganin kuna shirin jibga wa kwamiti laifin da ba nasa ba ne shi kaɗai. Na yi aiki a ƙarƙashin shugaban da ba ya kafa kwamiti ko ɗaya. Sa hannu ɗaya an wuce wajen. Muna ta yabonsa da zafin nama har ranar da masu binciken kuɗi suka zo, aka tarar yawancin kwangilolin na surukansa ne. Ba wanda ya gani, don ba wanda aka zaunar ya duba. Jinkirin nan da kuke kuka da shi wani lokacin shi ne kaɗai katangar da ke tsakanin dukiyar jama'a da aljihun mutum ɗaya. Masu iya magana ba su yi kuskure ba da suka ce shawara ɗaukar ɗaki.

Amma zan faɗa muku abin da na gani. Kwamiti iri biyu ne. Akwai wanda ake kafawa don a yi abu. Akwai kuma wanda ake kafawa don a huce da maganar, ko don in ta ɓaci a rasa wuyan wanda za a riƙe. Na biyun tun daga takardar kafa shi ake gane shi: ba a sa masa ranar gamawa, ba a ba shi ikon kashe ko sisi, aikinsa kawai ya duba ya ba da shawara. Bala, ɗauko takardar da aka kafa ku da ita ka karanta mana.

Bala Sakatare

Na ɗauko, Baba. Layi huɗu ce. An ce mu yi nazarin matsalar mu ba da shawarwari. Ba ranar gamawa, ba a ma faɗi wanda za mu miƙa wa rahoton ba. Sau 11 muna zama ban taɓa lura da wannan ba sai yanzu da ka faɗa.

Injiniya Nura

Maganar Baba ta tuna mini da wata takarda da duk wanda ya karanta sai jikinsa ya yi sanyi. A 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu, hukumar leƙen asirin Amurka ta wancan zamani, OSS, wadda CIA ta gaje ta, ta shirya wani ɗan littafi don talakawan da ke zaune a ƙasashen da abokan gaba suka mamaye. Manufarsa ita ce a koya musu yadda za su durƙusar da ma'aikatar da suke aiki ba tare da an kama su ba. Ban da lalata injina, akwai sashe guda a kan taruka. Ya ce a riƙa tura kowane batu ga kwamiti don ƙarin nazari, kuma kada kwamitin ya gaza mutum biyar. A riƙa dogon jawabi. A yi ta ja-in-ja a kan kalmomin da za a rubuta a bayanan zama. A riƙa tono abin da aka riga aka yanke a zaman baya. A riƙa kira da a yi taka-tsantsan kada a yi gaggawa.

Malam Bala, ka jera wannan kusa da littafinka. Abin da aka tsara a matsayin makamin yaƙi shi muke yi wa kanmu da zuciya ɗaya, muna ganin aiki muke yi.

Usman Ƙarami

Ina neman izinin manya in sa baki. Ni ƙaramin ma'aikaci ne, shekarata biyu da fara aiki, kuma ina cikin masu yin shiru a taro. Bari in faɗi yadda abin yake daga kujerar baya.

Watannin baya aka kira mu kan sauya tsarin shigar da bayanai. Shugaban sashe ya buɗe taro da cewa shi yana ganin sabon tsarin ya yi, za a fara ranar Litinin, ko akwai mai magana. Ni ne nake zaune a gaban kwamfutar kullum, kuma na san sabon tsarin ba ya karɓar tsofaffin lambobin, sai an sake shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Na ɗaga kai na dubi fuskoki. Mataimakinsa ya ce madalla. Na kusa da shi ya gyaɗa kai. Zuciyata na bugawa, na ce a raina ƙila sun san abin da ban sani ba, kuma in na yi magana za a ce yaro ya ƙaryata babba a gaban jama'a. Na sunkuyar da kai ina zane a gefen takarda har aka tashi.

A bakin matakala muka haɗu mu huɗu. Duk mun san matsalar. Kowa yana jiran ɗan uwansa ya fara. Mako shida muka yi muna gyaran abin da magana ta minti ɗaya za ta hana.

Malama Zainab

Usman, na gode da ka faɗi wannan, don yawancin masu jan taro ba su san abin da ke faruwa a kujerar baya ba. Kuma kada ka ɗauka raunin zuciyarka ne kai kaɗai. A shekarun 1950 Solomon Asch ya yi gwaji a Amurka. A zaunar da mutum cikin wasu da aka haɗa baki da su, a nuna layuka a ce wanne ya yi daidai da wanne a tsawo, abin da yaro ma zai gane. Waɗanda aka haɗa baki da su su faɗi amsar da ba daidai ba da murya ɗaya. Kusan kashi 75 cikin 100 na waɗanda aka gwada sun bi su aƙalla sau ɗaya. Amma da aka sa mutum ɗaya tak ya faɗi gaskiya kafin a zo kansu, bin ayarin ya ragu ƙwarai. Da ɗayanku ya buɗe baki ranar nan, da sauran ukun sun biyo shi.

Akwai wani binciken da ya fi wannan ciwo a wajena, na Stasser da Titus a 1985. Sun raba wa mutane bayanai kan wasu 'yan takara, wasu bayanan kowa ya samu, wasu kuma mutum ɗaya kaɗai aka ba. In an haɗa duka, ɗan takarar da ya fi cancanta a fili yake. Amma da aka zauna, sai mutane suka yi ta juya abin da kowa ya riga ya sani, abin da ke hannun mutum ɗaya bai cika fitowa ba. Ka ga dalilin tara mutane tun farko shi ne a samu abin da ke kan kowa, kuma shi ne daidai abin da taron yake binnewa. Dokin mai baki ya fi gudu, ko da ba shi ne ya san hanya ba.

Nas Hadiza

Mu a ɗakin tiyata shirun ƙaramin ma'aikaci rai yake ci, shi ya sa aka nemo masa magani. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da takardar duba abubuwa 19 da ake bi kafin a sa wa majiyyaci maganin barci, kafin a fara yanka, da kafin a fitar da shi. An gwada ta a asibitoci takwas a ƙasashe daban-daban, sakamakon da aka wallafa a 2009 ya nuna mace-mace bayan tiyata sun sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100.

Cikin abubuwan akwai ɗaya da mutane suke rainawa. Kafin wuƙa ta taɓa fata, kowa a ɗakin zai faɗi sunansa da aikinsa, daga babban likita har mai miƙa kayan aiki. Da farko nima na ɗauka ɓata lokaci ne. Daga baya na lura da kaina: in na riga na ji muryata ta fita a ɗakin sau ɗaya, fitarta ta biyu ba ta yi mini wuya. Akwai ranar da muka ƙirga audugar da aka yi amfani da ita, ɗaya ba ta cika ba, likita kuma ya fara ɗinki. Na ce Dokta a dakata, lissafi bai cika ba. Ya dakata, aka duba, aka same ta a ciki. Wannan ma taro ne, na ƙasa da minti biyu, a tsaye, kuma kowa ya san abin da aka tara shi a kai.

Injiniya Nura

Ni dai inda na tsaya shi ne yawancin taruka a soke su a koma rubutu. Kamfanin Shopify a farkon 2023 ya share duk tarukan da ake maimaitawa na sama da mutum biyu daga kalandar ma'aikatansa, ya ce wanda ya ga dole sai an yi ya dawo da shi daga baya. A kamfanin Amazon tun 2004 Jeff Bezos, wanda ya kafa shi, ya hana a zo manyan taruka da hotunan majigi. Mai batu zai rubuta shi a jimloli cikakku, har shafi shida, a zauna a yi shiru kowa ya karanta kafin a ce uffan. Rubutu ba ya barin mutum ya ɓuya a bayan murya mai daɗi. In tunaninka bai nuna ba, takarda za ta tona maka asiri.

Kuma mutane ba sa lissafa asarar daidai. Taron awa ɗaya na mutum 14 awa 14 ne. Malam Bala, in kowane zamanku awa biyu ne, kun kashe awa 308. Ga mai aikin da ke buƙatar nutsuwa kuma, taron ƙarfe 11 safiyar gaba ɗaya yake cinyewa, don ba zai fara abu mai nauyi ba yana sane za a katse shi.

Hajiya Rabi

Injiniya, a nan ban bi ka ba. Shekara 12 ina jan ma'aikata, kuma rikicin da rubutu ya haddasa mini bai gaza na taro ba. Na taɓa tura wa wata ma'aikaciyata saƙo na ce a duba rahoton nan kafin gobe. Nufina ta karanta ta gyara kurakuran rubutu. Ita ta fahimci ban gamsu da aikinta ba, ta kwana tana sake shi daga farko, da safe ta zo idanunta jajur, kuma ta yi wata guda tana ɗari-ɗari da ni. Kalma biyu ce, a duba. Da a gabana take, fuskata kaɗai ta isa ta gaya mata ba faɗa nake ba.

Matsalar ta fi taro zurfi, a cikin magana kanta take. A 1990 wata ɗaliba a jami'ar Stanford, Elizabeth Newton, ta sa mutane su ƙwanƙwasa amon sanannun waƙoƙi da yatsa a kan tebur, wasu kuma su saurara su faɗi wace waƙa ce. Masu ƙwanƙwasawa sun zaci za a gane rabi. Cikin 120, uku aka gane. Shi mai ƙwanƙwasawa waƙar na tashi a kansa da kiɗanta, mai sauraro kuwa ƙwas-ƙwas kawai yake ji. Ku gwada da yaranku yau ku gani. Duk mai ba da umarni haka yake, da baki ne ko a rubuce, yana jin waƙar da ba wanda ke jinta sai shi. A taro aƙalla kana ganin fuskar wanda bai gane ba. A imel kuwa shiru za ka ji, ka ɗauka an fahimta.

Sani Rediyo

Hajiya ta taɓo fagenmu. Duk wanda ya koyi maganar rediyo ta jiragen sama an karantar da shi abin da ya faru a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen ranar 27 ga Maris 1977. Jirage biyu ƙirar Boeing 747, na KLM da na Pan Am, suna kan titin tashi ɗaya cikin hazo mai kauri, ba mai ganin wani. Mataimakin matuƙin KLM ya yi wata magana da za a iya fahimtarta ta fuska biyu, ko muna jira a wurin tashi, ko mun fara tashi. Mai kula da hasumiya ya ɗauki ta farko, ya ce to, sannan ya ƙara da cewa su dakata zai kira su. A daidai wannan lokacin 'yan Pan Am suka danna rediyonsu suna cewa har yanzu suna kan titin. Muryoyin biyu suka haɗu suka zama ƙara, abin da 'yan KLM suka ji sosai shi ne to ɗin nan kaɗai. Injiniyan jirgin KLM ya tambaya ko Pan Am ya sauka daga titin, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya sauka, magana ta mutu a nan. Mutum 583 suka rasu.

Bayan wannan aka tsaurara ƙa'ida. Kalmar tashi ba a furta ta sai lokacin ba da izinin tashi ko soke shi. Kuma umarni mai muhimmanci sai wanda aka ba ya maimaita shi da bakinsa, mai bayarwa ya ji ya tabbatar. Ni yanzu ko a taron ofis ba na yarda a tashi da an ji, an gane. Nakan ce wanda zai yi aikin ya faɗa mana da bakinsa me zai yi kuma yaushe. Sau da yawa a nan ne ake gano mutum uku sun fita da fahimta uku.

Injiniya Nura

Na karɓi gyara, Hajiya. Rubutu ma yana da nasa ramin. Abin da ba zan janye ba shi ne taro ba ya gyaruwa don kawai an ba kowa dama ya yi magana. Daren 27 ga Janairu 1986 an yi taro ta waya tsakanin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da kamfanin da ya ƙera rokokin kumbon Challenger. Injiniyoyi sun yi magana, Roger Boisjoly na cikinsu. Sun ce zoben robar da ke toshe mahaɗar rokar ba a taɓa tashi da shi a sanyin da ya yi ƙasa da kimanin digiri 12 ba, gobe kuma za a yi sanyin da ya fi haka sosai, a ɗage. Jami'an NASA suka nuna ba su ji daɗi ba. Kamfanin ya nemi minti biyar ya yi shawara a gefe, suka yi kusan rabin awa, a ƙarshe manajoji huɗu suka yanke ba tare da injiniyoyin ba. Da aka dawo kan layi aka tambaya ko akwai mai ja, ba wanda ya tanka. Washegari, daƙiƙa 73 da tashi, kumbon ya tarwatse da mutum bakwai. Ilimin yana cikin ɗakin, an ma faɗe shi da babbar murya. Tambayar ce aka juya, daga ku tabbatar mana lafiya lau ne, ta koma ku tabbatar mana zai fashe.

Baba Alhassan

To kun ga inda na dosa. Laifin yana ga mai riƙe da kujera fiye da kujerun. Shugaban Amurka na wancan lokacin, John F. Kennedy, da mashawartansa sun amince da harin da aka kai Kuba a Afrilun 1961, aka murƙushe shi cikin kwana uku, kuma ɗaya daga cikinsu, Arthur Schlesinger, ya rubuta daga baya yana zargin kansa da yin shiru a zaman. A Oktoban 1962, lokacin rikicin makamai masu linzami da Tarayyar Sobiyat ta girke a Kuba, da yawa cikin mutanen nan su ne dai suka sake zama. Wannan karon Kennedy yakan bar musu ɗakin don su yi gardama ba tare da kallon fuskarsa ba, aka raba su rukuni-rukuni kowa ya kare nasa ra'ayin. Cikin kwana 13 aka fita ba tare da yaƙi ba. Usman, da shugabanku ya fara tambayar na ƙasa kafin ya faɗi nasa, da ba ku yi asarar mako shida ba. Ni sai da na kusa ajiye aiki na koyi yin magana a ƙarshe, kuma ina nadamar shekarun da na yi ina buɗe taro da ra'ayina.

Maman Ihsan

Duk na karanta kuma na ƙaru. Amma Malam Bala, ka yi haƙuri zan koma kan tambayata. Hasashen yanayi ya ce da ruwa a daren nan ko babu? Fayilolin suna ina yanzu? Ɗauke takarda daga ƙarƙashin ruwa ba ya cikin abin da ke buƙatar izinin mutum 14.

Bala Sakatare

Maganarki ta zauna mini, Maman Ihsan. Tun da aka kafa kwamitin na daina ganin ɗakin nan a matsayin abin da ya shafe ni, ya zama na kwamiti, kuma ina jin sauran 13 ma haka ne.

Da azahar na je na karɓi makulli wajen mai kula da ɗakin, bai ma tambaye ni takarda ba. Ni da masinjoji biyu muka kwashe kanta ta uku da ta huɗu zuwa ɗakin da ke kusa, minti 50 muka yi. Fayil 23 ne ruwa ya taɓa, shida sun jiƙe sosai. Daga nan na wuce ofishin ciyaman na roƙe shi abu biyu: a ba mutum ɗaya aikin nemo masu gyara uku su kawo farashinsu, a kuma sa rana. Ya amince da na farko, ya ce ni in yi. Ranar kuwa ya ce sai an zauna an ji ta bakin sauran. Zan kai masa farashin ranar Alhamis ko an zauna ko ba a zauna ba.

Yanzu damuwata fayil shidan nan, musamman na mai ritaya. Akwai wanda ya san yadda ake raba takardun da suka manne ba tare da sun yage ba?

Ladi Laburare

Malam Bala, kada ka shanya su a rana, kada kuma ka sa musu dutsen guga. Waɗanda ke da ɗan danshi ka shimfiɗa su a kan tebur a ɗaki mai iska, ka kunna fanka amma kada ta buga su kai tsaye, ka sa farar takarda mai tsotse ruwa a tsakaninsu kana sauyawa in ta jiƙe. Ka cire duk wani ƙarfen maƙala takarda tun bai yi tsatsa ba. Ka hanzarta, don cikin kwana biyu zuwa uku fumfuna ke fara kama takarda mai danshi. Waɗanda suka jiƙe sharkaf, in ba za ka samu lokacinsu yau ba, ka sa kowane fayil a ledarsa ka ajiye a firiza, ƙanƙara na tsayar da lalacewar har ka samu sarari. Wanda ya riga ya bushe a manne kada ka ja shi da ƙarfi. Kafin ka taɓa komai ka ɗauki hoton duk shafin da ake iya karantawa. Na mai ritayar kuma ka sanar da shi tun yau, wataƙila yana da kwafin takardar ɗaukarsa aiki a gida.

Bala Sakatare

Na gode Anti Ladi. Na kira shi yanzu. Ya ce yana da kwafin ta ɗaukar aiki, amma ta ƙarin girmansa ta biyu ba shi da ita, kuma ita ce ke tsakiyar waɗanda suka manne. Gobe da safe zai zo mu duba tare.